Lissafin Om A Ƙasar Kajuru

'Yan'uwana ɗalibai masu shirin fita aikin koyarwa, akwai wani ɗan lissafi da a ke koya mana a kwaleji wanda galibi a kan haddace shi saboda jarrabawa kaɗai, ran da aka ajiye alƙalami kuwa sai a yi ban kwana da shi, ba a sake gamuwa. Lissafin nan shi ne na wutar lantarki, watau yadda mutum zai san turjiyar waya, da yawan wutar da abu ke ci, in dai ya san bolt da amfiya. Ni tsohon ɗalibin kwalejin nan ne, yanzu ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ta ƙauye cikin ƙasar Kajuru, abin da na gani kuwa shi ne lissafin nan ya fi amfani a ƙauye bisa ga birni.

Dalili kuwa, mutumin Kaduna ko na Kafanchan in fitilarsa ta ƙi kamawa, sai ya aiki yaro bakin titi a kirawo mai gyaran wuta. Mu kuwa a nan, da an ga abu mai waya ya ƙi aiki, ba wanda a ke nema sai malamin makaranta. Rediyo ne, a kira Malam. Tocila ce, a kira Malam. Ba ruwan mutane da ko Hausa ka ke koyarwa ko tarihi, tun da dai ka yi kwaleji ai ka san kan abin. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, janareto ya zama sai wane da wane, jama'a suka koma ga sola da batir, kiran nan ya ƙaru ƙwarai da gaske. Ran kasuwa in ka tsaya bakin hanya a Kasuwan Magani, ba ka daɗewa sai ka ga mai babur ya ɗauro farantin sola a baya, ya nufi ƙauye da shi, ga nadin waya rataye a wuya. Wanda zai haɗa masa kuwa, sai Allah.

Bari in tuna muku abin a taƙaice, da irin kalmomin da na ke gaya wa yara. Ku dubi tankin burtsatse. In an ɗora shi bisa dogayen ƙarafa ruwa ya kan fito da ƙarfi, in kuwa an ajiye shi ƙasa-ƙasa sai ya riƙa tsiyaya. Wannan ƙarfin turawa, a wajen lantarki, shi a ke aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta bututu cikin kowace daƙiƙa shi ne misalin gudun wuta, a kan auna shi da amfiya. Bututun kuma in siriri ne, ko dogo, ko ya cushe da laka, sai ya riƙa hana ruwa wucewa. Wannan hanawa ita na ke kira turjiya, irin ta jaki a bakin gada, ma'auninta kuwa om. Abin riƙewa biyu ne tak. Raba bolt da amfiya, sai ka sami om. Yi bolt sau amfiya, sai ka sami wat, watau yawan aikin da wutar ke yi, ko zafi ne, ko haske, ko juya fanka. A littafi a kan rubuta na farko R = V ÷ I, na biyu P = V × I. Misali, dutsen guga da aka jona a wutar gari mai bolt 230, aka auna aka ga yana jan amfiya 5, turjiyarsa om 46 ke nan, cinsa kuwa wat 1,150.

Sunayen nan duka na mutane ne. Bolt daga Volta na ƙasar Italiya, wanda ya ƙago batir na farko a 1800. Amfiya daga Ampère na Faransa, wat daga James Watt mai injin tururi. Amma wanda na fi son ba yara labarinsa shi ne Georg Ohm, wanda mu kan ce wa Om. Yaranmu Bajamushe guda suka sani, wanda ya gina katafaren gidan dutsen nan bisa tsauni a Kajuru, sai in ce musu ga wani Bajamushen da ya fi shi barin abin tunawa, ko da ya ke bai aza dutse bisa dutse ba. Om ɗan maƙerin makullai ne, kuma malamin makaranta ne kamar ni da ku, yana koyar da lissafi da kimiyya a birnin Kolon. Bayan an tashi makaranta sai ya zauna da wayoyi iri-iri, masu kauri da sirara, dogaye da gajeru, yana aunawa yana rubutawa. A 1827 ya buga littafinsa. Manyan malaman ƙasarsu suka yi masa ko oho, har ya bar aikinsa ya yi shekaru yana fama da rashi. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar girma, sa'an nan na gida suka farga. Kujerar farfesa da ya daɗe yana so a birnin Munik bai same ta sosai ba sai 1852, saura shekara biyu ya rasu.

To, ga yadda lissafin malamin nan ya yi mana rana.

Bayan kaka, ƙungiyar iyayen yara da malamai ta makarantarmu ta yi karo-karo, wani ya ba da kuɗi, wani tiyar masara, wata waken soya, don a sa fitila a aji guda, 'yan ajin ƙarshe su sami wurin karatun dare kafin jarrabawar fita. Aka sayo faranti, da batir mai bolt 12, da ƙwayaye shida, da 'yar fanka. Da ya ke ofishin hedimasta ne kaɗai ke da ƙofar ƙarfe, can aka ajiye batir, aka aza farantin bisa rufin ofis, sa'an nan aka jawo waya ta ƙetare fili zuwa ajin, tsawon mita 25. Wanda ya haɗa daga birni ya zo. Da rana tsaka ya gama, ya kunna, kowa ya ga ƙwai ya kama, aka biya shi ya hau mota.

Da dare ya yi sai ido ya raina fata. Fitilun suka kama dishi-dishi sai ka ce aci-balbal, fanka tana juyawa kamar an sa ta dole. Yaran da ke zaune a kusurwa ba su iya ganin rubutun littafi sai sun ƙara da tocila. Aka buga wa mai haɗawa waya, ya ce batir ne ya yi kaɗan, a ƙaro na biyu. Batir kuwa kuɗinsa ya kai na buhun masara biyu ko uku, mutanen nan kuma sun riga sun ba da abin da za su iya. Aka sa ranar Asabar a taru a sake yanka wa kowa abin da zai kawo. Ni na san in aka sake karɓar kuɗi, fitila ba ta gyaru ba, to, an gama karo-karo a garin nan ke nan har wani lokaci mai tsawo, kome za a yi nan gaba kuwa sai a ce, ai mun gani a kan fitila.

Ran Alhamis da yamma shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai yawan shiru, ya tsai da ni a bakin masussuka ya ce, "Malam, kai me ka gani game da batir ɗin nan?"

Na ce, "Baba, a ba ni daren yau in tambaye shi da kansa."

Ina da ɗan ma'aunin wuta, irin wanda masu gyaran rediyo ke kira mita, na saya a Kaduna, kuɗinsa bai kai na zakara ba. Da aka yi duhu na tara 'yan ajin, muka kunna ƙwayaye shida da fanka duka, muka tafi ofis muka aza mita a kan batir. Ta nuna bolt 12.5. Lafiyayyen batir ke nan, ba shi da ciwon kome. Muka dawo aji muka aza ta a bakin wayar, inda ta shigo ta taga, ta nuna bolt 8.9. Sa'an nan muka kwance waya guda, muka sa mita a tsakani yadda dukkan wutar za ta bi ta cikinta, ta nuna amfiya 4. Na rubuta lambobin nan uku a allo, wani yaro na haska mini da tocila, na ce, "Batir ya aiko da 12.5, mun karɓi 8.9. Ina sauran?"

Aji ya yi tsit. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, a hanya suka zube."

Na miƙa mata alli na ce ta zo ta gaya mana nawa suka zube, me kuma ya zubar da su. Ta ɗebe 8.9 daga 12.5, ya ba ta 3.6. Ta raba 3.6 da 4, ta sami 0.9. Watau wayar da ke shimfiɗe a filin makaranta tana da turjiyar om 0.9 ta kanta. Wani yaro ya yi dariya ya ce ai ko om guda bai cika ba, wannan ne zai hana mu karatu? Na ce ya zo ya yi mana lissafin wat. Batir na fitar da 12.5 sau 4, wat 50. Aji na karɓar 8.9 sau 4, wat 35.6. Waya ta cinye 3.6 sau 4, wat 14.4, tana ɗumama iska da shi a banza. Ya tsaya yana duban allo, dariya ta ƙare. Kusan kashi uku cikin goma na wutar da iyayensu suka saya da masara ba ya isowa. Abin da ya iso ɗin ma ya iso da rauni, gama an yi ƙwayayen nan don bolt 12 ne, ba don 9 ba.

Nan wurin ya kamata ku lura da wani abu da yara kan manta kullum. Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa. Tsakanin ofis da aji mita 25 ne, amma wayar da wutar ke bi mita 50 ce, zuwa da komowa. Da muka tuna da wannan sai na ce a duba jikin wayar a karanta abin da aka rubuta. An rubuta kaurinta 1.5. Wayar jan ƙarfe ta gaske mai wannan kauri, turjiyarta wajen om 12 ce a kowace kilomita. Mita 50 ke nan ya kamata ta ba da om 0.6. Mu kuwa 0.9 muka samu. Ashe akwai sauran rina a kaba! Na ce wani ya kawo reza. Aka feƙe bakin wayar, aka kankare jan da ke bisa, sai ga fari fat a ciki. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Turjiyar alminiyam kuwa ta fi ta jan ƙarfe da wajen sau ɗaya da rabi da ɗoriya, in ka yi 0.6 sau 1.6 sai ka sami 0.96, ga shi kusa da abin da mita ta faɗa mana. Kai, daren nan yaran sun yi sowa kamar sun kama ɓarawon akuya. Ba su taɓa zaton lissafin allo zai iya leƙa cikin roba ya faɗi irin ƙarfen da ke ciki ba.

Ban ɗora wa mai haɗawa laifi duka ba. Mai yiwuwa ne shi ma haka aka sayar masa. Kuma mutum ne da ya saba da wutar gari, inda in bolt 3 ko 4 suka ɓace cikin 230 ba wanda zai ko sani. Cikin 12 kuwa babbar ɓarna ce. Ko da wayar ta gaske ce, 0.6 sau 4 ai bolt 2.4 ne za su zube, ba a tsira ba. Nisan shi ne babban ciwon, jabun waya ƙari ne.

Ran Asabar aka taru gindin mangwaro. Da aka ba ni magana na ce, "Baba, ranka ya daɗe, batir lafiyarsa lau. Amma cikin kowane mudu goma da ya auno mana, kusan uku a hanya su ke zubewa." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Watau ko mun gina rumbu na biyu, buhun da a ke ɗauko hatsin da shi ne mai huda." Na ce haka ne, Baba. Ni kaina ban iya faɗinsa da kyau kamar haka ba.

Hanya biyu na kawo musu. Ko a sayo waya mai kauri 6, ta jan ƙarfe ta gaske, wadda turjiyarta wajen om 3 ce a kilomita, mita 50 ke nan om 0.15, abin da zai zube bai wuce bolt 0.6 ba. Ko kuwa a ɗauke batir da farantin a kai su ajin. Aka yi ta muhawara har rana ta take. Masu son waya suka ce aji ba ƙofar kirki, batir ba zai kwana uku ba. Waɗansu suka ce ai waya mai kauri shimfiɗe a fili ita ma kiran ɓarawo ce, tun da masu sayen jan ƙarfe na yawo ƙauye-ƙauye, ga tsada. Hedimasta ya ce shi dai kada abu ya ɓace a ce a hannunsa ya ɓace, gaskiyarsa kuwa. Daga ƙarshe wani uba mai aikin walda ya ce zai ƙera akwatin ƙarfe a kafe shi a bangon aji, a biya shi kuɗin ƙarfe kawai. Aka yi haka, aka mai da farantin bisa rufin ajin, wayar da ke tsakanin batir da fitilu ta koma 'yar mita biyu. Muka sake aunawa: 12.5 a batir, 12.1 a fitila, amfiya 5. Har daga bakin hanya a kan hango hasken tagogin. Ba a sayi batir na biyu ba.

Abin da ya sa ƙaramar wuta ta fi shan wahala a doguwar waya yana cikin lissafin nan guda biyu. In kana son wat 60 daga batir mai bolt 12, sai ka jawo amfiya 5. In daga wutar gari ne mai 230, kwatan amfiya da 'yan kai ya isa. Asarar da waya ke yi kuwa ba bin amfiya ta ke sau ɗaya ba, sau biyu ta ke binsa: bolt ɗin da ke zubewa shi ne amfiya sau om, wat ɗin da ke zubewa kuma shi ne wannan sau amfiya kuma. In ka ninka amfiya biyu, asara ta ninku huɗu. In ka ninka shi goma, ta ninku ɗari. Na kan ce wa yara su tuna da ruwan da ke sauka bisa duwatsunmu da damina. Ya gangara Kogin Kaduna, ya tafi har madatsar Shiroro a Jihar Neja, wadda aka buɗe a 1990, mai ƙarfin wat miliyan 600, ya juya injuna, ya komo Kaduna ta waya ya zama wuta. Da a bolt 230 za a turo ta, wat miliyan guda kaɗai sai ya bukaci amfiya fiye da 4,300, wayar da za ta ɗauki na Shiroro duka kuwa ba a ƙera ta ba tukuna. Saboda haka a kan ɗaga ta zuwa bolt 330,000, inda wat miliyan guda ke bukatar wajen amfiya 3 kacal, sa'an nan a yi ta sauko da ita mataki-mataki da taransfoma, 132,000, 33,000, 11,000, har ta zo daidai bakin ƙofa. Lissafin manyan layukan nan yana da 'yan ƙare-ƙare, tun da waya uku-uku su ke tafiya, amma tushen shi ne wanda yarinyar nan ta rubuta a allo.

Da fitila ta gyaru sai wani abokin aikina ya zo mini da shawara. Ya ce tun da batir na da ƙarfi haka, me zai hana a sayo inbata, mu riƙa goge rigunanmu da dutsen lantarki ran Lahadi? Na ce mu zauna mu tambayi alli. Wat 1,150 a raba da bolt 12, amfiya 96 ke nan, ban da abin da inbata za ta ci na kanta. An rubuta a jikin batir ɗinmu amfiya 100 na awa guda, in ka yi sau 12 ya zama wat 1,200 na awa guda, irin wannan batir kuwa in ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa. Saura 600. Fitilun yara da fanka, masu cin wat 60, za su yi awa goma a kan wannan. Dutsen guga kuwa rabin awa zai lashe shi. Ya ce, "Riga uku ke nan a bakin karatun dare uku." Ya koma wa dutsensa na gawayi, har yanzu kuwa karin wandonsa ya fi na kowa tsayawa a makarantar.

Ku da za a tura garuruwan da ke da wutar gari, dutsen gugan nan zai koya muku wani abu. In wuta ta yi ƙasa mutane kan ce an kawo rabin wuta. A ce rabin ne daidai, bolt 115. Turjiyar dutsen tana nan kusan yadda ta ke, om 46. Raba 115 da 46, amfiya 2.5. Yi 115 sau 2.5, wat 287 da rabi. Watau rabin wuta kwatan zafi ta ke bayarwa, shi ya sa uwargida za ta jona hita tun asuba ruwa ya ƙi tafasa. Amma ku yi hattara, kada ku ɗauki wannan lissafi ku aza wa firji ko injin jan ruwa. Abu mai moto halinsa daban. In bolt ya faɗi shi ƙoƙari ya ke ya yi aikin da ya saba, sai ya ƙara jan amfiya, in ma ya kasa tashi ya tsaya yana gunji yana ja fiye da kima, har nadin wayar cikinsa ya ƙone. Ran rabin wuta, cire firji shi ne hankali.

Wanda ya fi ba ni tsoro cikin lissafin nan duka shi ne na mahaɗa. Ku ɗauki waya biyu da aka murɗe da hannu, aka naɗe da leda, aka cusa cikin silin ko bayan buhuna a shago. Da kwana ya yi kwana sai ta yi tsatsa ta saki, a ce turjiyarta ta kai om guda. In ƙwai kaɗai ke kanta ba abin da zai faru. Ran da aka jona butar lantarki mai jan amfiya 10, bolt 10 za su tsaya a mahaɗar nan, 10 sau 10 kuwa wat 100. Duk wanda ya taɓa taɓa ƙwan wat 100 na da yana ci ya san zafinsa. To, a tara wannan zafi a wuri kamar kan ɗan yatsa, cikin leda, da hunturu, kome ya bushe. Sai da safe a ce ba a san abin da ya kawo gobara ba. Fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku an yi shi ya tsinke in an daɗe ana jan fiye da amfiya 13, watau wajen wat 3,000 a wutar gari. Wanda ya cire shi ya cusa waya ko takardar taba mai ƙyalli a madadinsa, ya kori mai gadi ke nan don yana damunsa da tari. Amma ku lura, mahaɗar da na faɗa ko fis na nan ba zai cece ta ba, gama amfiya 10 bai kai 13 ba. Maganinta a ɗaure da kyau tun farko.

Jikin ɗan Adam ma waya ne, yana da turjiyarsa. Busasshiyar fata ta kan kai om dubu goma-goma, har ta fi. Jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi bisa danyar ƙasa kuwa, abin ya kan sauko wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, amfiya 0.23. Masana sun sa iyakar hatsari wajen amfiya 0.03, shi ya sa na'urar kariya ta gidaje ke yanke wuta a daidai nan. Yarinyar da ta tsoma hannu cikin bokiti ta ji ko ruwa ya yi zafi, hita na ciki a jone, sau bakwai da wani abu ta wuce iyakar nan. Saboda wannan ne ban yarda yaro ya kai mita kusa da wutar gari ba. Duk gwajin da mu ke yi a aji da batir ne. Ko a batir ɗin ma, na kan gargaɗe su kada a juya mita wajen awon amfiya sa'an nan a aza ta kai tsaye bisa kawunan batir biyu, gama a nan turjiyarta kusan babu ce, abin da ka raba da kusan babu kuwa ya kan fito da yawa ƙwarai, kafin ka ce kwabo mita ta yi hayaƙi.

In kun sami yaro mai wayo, wata rana zai kawo muku tsohon ƙwai mai zare a ciki, na wat 60, ya ce littafi ya yi ƙarya. Lissafi ya ce 60 a raba da 230, amfiya 0.26, turjiya kuwa wajen om 880. Shi ya aza mita a kan ƙwan ta nuna masa sittin da wani abu. Kada ku kore shi, duka biyu gaskiya ne. Shi ya auna zaren yana sanyi, lissafi kuwa na zaren da ya yi fari don zafi ne, turjiyar ƙarfe kuma tana hawa in ya yi zafi. Shi ya sa irin ƙwan nan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi, sa'ad da zaren ke sanyi, wuta ta afko masa fiye da sau goma na abin da ya saba.

Tambayar da ba ta taɓa wuce shekara ba a yi mini ita ba kuwa, ita ce ta tsuntsu. Yara kan ga hankaka zaune bisa babbar waya a hanyar Kaduna zuwa Kachia, waya mai dubban bolt, yana gyaran fiffike abinsa. Su ce, Malam, shi wane magani ya sha? Sai in ce a auna tsakanin ƙafafunsa. Bai fi santimita 10 ba. Waya mai kauri irin wannan, a ce turjiyarta om 0.3 ce a kilomita, santimita 10 ke nan om 0.00003. Ko amfiya 100 ke gudu a cikinta, abin da ke tsakanin ƙafarsa ta dama da ta hagu bolt 0.003 ne, bai kai ko kusa da na batir ɗin tocila ba. Dubban bolt ɗin suna tsakanin wayar da ƙasa ne, ko tsakaninta da 'yar'uwarta, shi kuwa waya guda ya taka. Bana da na gama bayanin nan sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce to, shi ya sa ke nan jemage ne a kan gani a bushe rataye a wayoyin cikin gari, tun da shi fiffikensa na da faɗi, in ya kama wannan sai ya taɓo waccan.